Beetle ƙirar 1966: in ƙara wa injin 1300 girma, in sa 1600, ko in ɗora na Subaru?

MaiBeetle66

Assalamu alaikum, masana inji. Shawara nake nema kafin in kwance ko noti ɗaya.

Motar Volkswagen Beetle ce ƙirar 1966, da injinta na asali 1300 (wato girman inji a sisi, cc). Lambarsa ta fara da F, maƙogwaro (ramin shigar fetur da iska) ɗaya ne a kowane kan silinda, ƙarfin doki 40. Wutarta har yanzu volt 6 ce, birkin durom ne a ƙafa huɗu, giyabos ma ba a taɓa canza shi ba. Jiki da shasi lafiya lau, babu tsatsa. Injin ne ya gaji: yana cin baƙin mai, yana hayaƙi in an saki totur a gangara, kuma fitilar mai tana ƙyaftawa a sulo idan ya yi zafi. Awon matsi ya nuna bar 7.5 a silinda ta 1 da ta 2, bar 7 a ta 4, amma ta 3 bar 5 kawai.

Ba tsere nake so ba. So nake ta riƙe kilomita 100 zuwa 110 a awa na tsawon tafiya da mutum uku a ciki, ta hau tudu ba tare da na koma giya uku kowane lokaci ba, kuma ta jure rana mai zafi. Hanya uku ake nuna mini: a yi wa wannan injin obahol a sa masa manyan fistin, ko a nemo 1600 mai tagwayen maƙogwaro a gina shi zuwa 1641 ko 1776, ko kuma a ajiye maganar injin iska baki ɗaya a ɗora Subaru mai ruwa. Wacce ce ta fi dacewa da abin da na faɗa, kuma me za ta jawo a sauran motar? Allah ya ƙara basira.

TsohonBakanike

Wa alaikumus salam. Malam, kafin zaɓen fistin akwai awo ɗaya da zai rage maka hanyoyin nan uku zuwa biyu. Injin a sanyaye, kama fulin ƙasa da hannu biyu, ka tura ka ja. Wasan karanshaf gaba da baya ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 0.07 da 0.13, iyakarsa 0.15. Wannan ɗan motsi ne da za ka ji a hannu, ido ba ya ganinsa. In har kana ganin fulin yana fita yana komawa, har kana jin ƙwas, to ka sa agogon awo ka karanta. Yawanci ba shim ne suka cinye ba, babban mital na wajen fulawil ne ya fara rawa a mazauninsa. Bulok ɗin nan na maganiziyam ne, ƙarfe mara nauyi kuma mai laushi, shekara da shekaru karanshaf na dukansa har ramin mital ya buɗe. Daga nan mai ke zurarewa, shi ya sa fitilarka ke ƙyaftawa. Ana iya yi masa borin a sa mital mai kauri, amma bulok da ya kai haka ba wurin ƙarin ƙarfi ba ne.

Silinda ta 3 kuwa ba abin mamaki ba ne. A gidan fanka irin naka, kular mai tana tsaye a ciki, daidai kan hanyar iskar da ke zuwa ɓangaren hagu, don haka iskar da ta 3 ke samu ta riga ta ɗumama. Bawul ɗinta na salansa shi ke fara miƙewa, tazarar tafet ta rufe, ya ƙone, in an yi sakaci kansa ya karye ya faɗa kan fistin. Daga ƙirar 1971 kamfanin ya fitar da kular zuwa wani ɗan ɗaki a gaban gidan fanka, da hanyar iskarta daban da fanka mai faɗi. Masu kaya suna kiran wannan gida doghouse. Ko wane inji ka zaɓa cikin na iska, da wannan gidan za ka haɗa shi. Ba na sassauci a nan.

Yanzu girma. Duk injinan nan daga 1300 zuwa sama tafiyar fistinsu ɗaya ce, milimita 69, faɗin silinda ne ke bambanta: 77 shi ne 1285, 83 shi ne 1493, 85.5 shi ne 1584 da ake kira 1600. Silindar 85.5 tana shiga bulok ɗin 1300 ba tare da an sassaƙe shi ba, sai dai kawunan 1300 ba sa karɓarta, ko a buɗe su ko a sa na 1600. Wato hanyarka ta farko tana yiwuwa, amma za ka ƙare da 1600 a kan bulok mai bawul ɗin matsin mai ɗaya da ƙananan hanyoyin mai. Bulok mai bawul biyu ya fara ne daga 1970, shi ke cikin injinan da lambarsu ta fara da AD ko AS. Lambar tana ƙarƙashin ƙafar dinamo, ka goge mai ka karanta da kanka.

1641 ita ce silindar 87 da ke shiga ramin 85.5. Ka lura da abin da hakan ke nufi: waje bai ƙaru ba, ciki aka ƙwaƙule, don haka bango ya sirance. Ribar sisi 57 ce kacal, abin da ƙafarka ba za ta ji ba, hasarar kuwa silinda ce da ke saurin karkacewa da zafi har ringi ya daina rufewa. Ga mai son doguwar tafiya a rana, ban ga amfaninta ba. 1776 ita ce silindar 90.5. Ita dole a buɗe bulok da kawuna a injin sassaƙa, amma bangonta mai kauri ne, kuma ita ce girman da ya fi zama lafiya a kan karanshaf na asali. Sama da ita akwai 1835 da silindar 92, wadda tsohon samfurinta ma sirarin bango gare shi, da 1915 da silindar 94, wadda ke cin naman bulok har kusa da ramukan sitod, wato dogayen ƙusoshin da ke riƙe silinda da kai. Waɗannan ba naka ba ne.

Ga abin da zan haɗa don buƙatarka. Bulok mai bawul biyu, wanda aka auna aka tabbatar ba tsaga a bayan silinda ta 3, da sitod na milimita 8 masu zama cikin hannun ƙarfe da aka dasa a bulok, domin tsofaffin na milimita 10 da ke shiga maganiziyam kai tsaye suna tsige zare, kai ya saki, ka ji inji na fat-fat a ƙarƙashin lodi. Karanshaf 69 mai ma'aunin nauyi, a daidaita shi tare da fulawil da murfin kuloci a matsayin abu ɗaya. Kamshaf na asali ko mai ɗan ƙari irin Engle W-100, kar ka wuce nan, don babban kam yana kai ƙarfi sama ne inda ba ka tuƙi, ya bar ka da rauni a ƙasa. Kawuna masu tagwayen maƙogwaro da bawul na asali, 35.5 da 32. Famfon mai na milimita 26. Mutane na ɗokin na 30, amma matsinsa kan sa bawul ya riƙa kauce wa kular mai, mai ya yi ta zagaye da zafinsa. Tunda bulok na wurin sassaƙa, a huda shi a sa masa filta ta waje, domin injin nan raga kawai gare shi kuma mansa lita 2.5 ne duka.

Inda ake yawan ɓata 1776 shi ne matsi. An ƙara faɗin silinda an bar ɗakin ƙuna yadda yake, matsi ya haura ba wanda ya lissafa. Kowace silinda sisi 444 ce. A ce ɗakin ƙuna ya auna sisi 53, tazarar saman fistin da bakin silinda kuma milimita 1.5, wato kusan sisi 9.6. Ka haɗa 53 da 9.6 ka samu 62.6, ka ƙara 444, ka raba da 62.6, ya ba ka kusan 8.1. Wannan daidai ne ga ƙaramin kam da fetur na yau da kullum. In tazarar ta koma milimita 1, ka kai 8.5. Ka auna ɗakunan huɗu da sirinji da farantin roba mai huda, kar ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Kuma in za ka rage matsi, a faɗaɗa ɗakin ƙuna ya fi a cika shim a ƙarƙashin silinda, don tazarar da ta wuce milimita 2 tana lalata ƙuna, kai ya ƙara zafi.

In kuɗin sassaƙa ya yi maka nauyi, 1600 tsantsa mai ƙarfin doki 50 zai yi abin da ka lissafa. Motar ba ta kai kilo 800 ba. Ƙarin doki goma a kanta abu ne da ake ji.

Giyabos_da_Kuloci

Abin da Baba ya faɗa kan inji ba ni da ƙari. Ni zan tsaya inda injin ke haɗuwa da motar, don nan ne aiki ke tsayawa rabi.

Notin da ke riƙe inji huɗu ne kuma ramukansu ɗaya ne, amma fulawil ba ɗaya ba ne. Naka na volt 6 haƙori 109 gare shi da kuloci na milimita 180. Na 1600 na volt 12 ne, haƙori 130, kuloci 200, kuma ya ɗan fi faɗi. In ka tura shi cikin bakin giyabos ɗin 1966 zai goga. Sai an rage naman bakin a wuraren da ya taɓa: a shafa alli ko fenti, a gwada, a ga inda ya bar alama, a ci kaɗan, a sake gwadawa. Garin da ke zuba na maganiziyam ne, yana kama wuta kuma ruwa ba ya kashe shi, don haka a share shi a kai a kai, kar a bari tartsatsi ya kusance shi. Kik ma dole ya zama na haƙori 130, kuma bakin sandarsa ya fi na volt 6 siranta, saboda haka bushin da ke jikin giyabos sai an canza shi da na musamman. Hanya mai sauƙi ita ce kik ɗin Beetle mai rabin otomatik, shi yana riƙe kansa, ba ya neman bushin.

Wasu za su ce ka mayar da tsohon fulawil kan sabon inji, kik na volt 6 yana jure volt 12. Yana jurewa. Amma kuloci 180 zai zame a kan 1776, sannan tsoffin fulawil da gasket suke rufe mai, waɗanda suka biyo baya kuma da zoben roba, kuma ba kowane ke zama daidai a kan kowane karanshaf ba. Ka bar wa kowane inji fulawil ɗinsa. Babban notin tsakiya ana ɗaure shi kusan Nm 350 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) da sifanan awo. In ya yi sako-sako, fil huɗun da ke riƙe fulawil za su buɗe ramukansu, ka rasa karanshaf da fulawil a rana ɗaya. A kan 1776 gara a ƙara fil ɗin su zama takwas.

Ka kula da murfin kuloci sosai. Giyabos na kafin 1971 boris ɗin kulocinsa ba shi da bututun da yake bi, don haka yana buƙatar murfi mai zobe a tsakiyar yatsunsa. Na 1971 zuwa sama yana da bututu, murfinsa ba zobe. Injin 1600 da za ka samo kusan tabbas da mara zobe zai zo. In ka haɗa shi haka da giyabos ɗinka, ranar farko za ka sake sauke inji.

Sai maganar gudu. Difaren ɗinka 4.375 ne, wato zagaye 4.375 ke shiga kafin taya ta yi ɗaya, giya huɗu 0.89. Da taya 165 a rim 15, kilomita 100 na kai inji zagaye kusan 3,200 a minti. Giyabos ɗin 1500 mai 4.125 zai sauko da shi wajen 3,000. Ga 1600 tsantsa, ka bar naka, ya fi jan tudu. Ga 1776, 4.125 ya fi daɗi. Kar ka nemi wanda ya fi haka tsawo, domin fankar nan da inji take juyawa: in ka sauke zagaye ka ƙara lodi, ka rage iska daidai lokacin da kai ya fi neman ta. Dalili ɗaya ne ya sa ƙaramin fulin da ake sayarwa don ƙarin ƙarfi ba shi da wuri a motar hanya.

Komawa volt 12 ba wuya: batir, ƙwayaye duka, kwayil, rile na sigina da na manyan fitilu, da motar waifa. Gejin fetur na 1966 na igiya ne, ba ruwansa da wuta. In za ka sa altaneta maimakon dinamo, ƙafarsa daban ce, kuma famfon fetur mai karkata yake buƙata da sandarsa ta milimita 100. Sandar 108 ta tsohon famfo ce. In ka cakuɗa su, ko famfo ya karye ko ya ƙi jan mai.

MaiBeetle66

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An sa agogo, wasan karanshaf ya nuna milimita 0.24, kuma akwai mai a ƙasan bakin giyabos. Ke nan tsohon injin zan nannaɗe in ajiye. Saura 1776 da Subaru. Mai ba ni shawarar Subaru cewa yake da zarar an ɗora shi an gama da gyaran tafet da zafin inji, kuma faranti ɗaya ne ke haɗa shi da giyabos. Gaskiya ne abin ya tsaya nan?

MaiLagireto

Farantin gaskiya ne, ɗan'uwa, amma shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Abin da ya sa ake son Subaru a bayyane yake. Shi ma kwantacce ne mai silinda huɗu, gajere, kuma yana juyawa ta gefen da na Volkswagen ke juyawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tsofaffin injinan Honda na jerin B da D akasin haka suke juyawa, in ka ɗora su kai tsaye giya huɗu za ka samu na baya. Injin Subaru EJ22 yana ba da wajen doki 135, EJ25 wajen 165. Kwatanta da 40 ɗin da aka gina motarka a kai.

Ga abin da ke biyo bayan faranti da fulawil na musamman. Lagireto: wurin da yake samun iska sosai shi ne gaba, inda tayar safaya take, don haka sai an yanka hanyar shigar iska da ta fita, a rufe gefuna don iskar ta bi ta cikinsa, a sa fankar wuta. Bututun ruwa biyu na wajen milimita 32 zuwa 38 za su bi ƙarƙashin mota tun daga baya har gaba. Doguwar hanya irin wannan tana tara iska, sai an sa tankin cikawa a wuri mafi tsayi da wurin fitar da iska a kowane tudu na bututun. Mafi yawan zafin da ake gani bayan irin wannan aiki iska ce ta maƙale. Akwai kuma tarko ɗaya na injin EJ: tamostat ɗinsa a ƙasa yake, wajen shigar famfon ruwa, kuma ruwan da ke dawowa daga hita ne ke gaya masa zafin inji. In aka toshe bututun hita don motar ba ta da shi, tamostat ba zai buɗe a kan lokaci ba. Haɗa su ake yi su zagaya. EJ25 kuma an san shi da matsalar gasket ɗin kai, a canza su da bel ɗin taimin tun inji na ƙasa.

Kaskon mai na Subaru yana da zurfi, a Beetle zai kusa taɓa ƙasa, sai an gajarta shi da bututun tsotsonsa. Fetur na nozul yana son matsin bar 2.5 zuwa 3, wato famfon wuta, tiyo mai jure matsi, layin komawa tanki, da ɗan tankin tara mai don kar famfo ya sha iska a kwana. Wayarin kuwa sai an zauna da taswira an tsince wayoyin da burenbos ke buƙata daga cikin damin motar da aka ciro shi, a samar masa siginar gudu, in ba haka ba wasu kan mutu a tsayawa. Injinan baya-bayan nan suna da makullin sata a cikin burenbos, in ba ka taho da makulli da na'urarsa ba, ba zai tashi ba. Kwanon baya na mota ma yawanci sai an yanka ko a mai da shi na cirewa.

Sannan giyabos. Na 1966 ba zai daɗe a hannun doki 135 ba sai an ƙarfafa difaren da murfin gefe, an yi wa giya uku da huɗu walda, an canza robobin da ke riƙe shi. Kuma 4.375 ya yi wa Subaru gajarta sosai. Nauyi ya ƙaru a bayan tayoyin baya, a motar da dama can bayanta ya fi nauyi. Kafin duk wannan, ka bincika dokar rajista da inshora ta inda kake, don wurare da yawa suna neman a duba mota a sabunta takarda in an canza nau'in inji.

Ga motar da jikinta ya riga ya lalace ko mai son gudu na gaske, aiki ne mai kyau in an yi shi da haƙuri. Ga 1966 mai lafiyayyen jiki da kilomita 110 kawai ake nema, yanka ta asara ce, kuma ba a mayar da abin da aka yanka. Gyaran tafet da ake gudu minti ashirin ne duk kilomita 5,000.

Akwai hanya ta tsakiya da ba ka ambata ba, injin Type 4 na bas ɗin 1972 zuwa sama da Porsche 914. Bulok ɗinsa na alminiyam ne, da filtarsa tun daga kamfani, kuma na lita 2 yana da jan ƙasa mai kyau. Sai dai fankarsa a bakin karanshaf take, dole a mai da sanyayawarsa tsaye kafin ya shiga Beetle, kayansa kuma sun fi tsada da wuyar samu.

Dilko034

Na yarda da 1776, amma ina da ja a kan abu ɗaya da ba a taɓo ba. Da zarar an ce 1776 sai a ce kafireto biyu, Weber 40 IDF. Suna ba da ƙarfi, ba musu. Amma ɗakin injin 1966 matsattse ne, canza fulogi na gaba ya zama aiki, ba su da cok mai aiki da kansa, kuma sandar da ke haɗa su tana buƙatar saiti a kai a kai saboda injin nan yana faɗaɗa in ya yi zafi. Da kam ƙarami da bawul na asali, Solex 34 PICT-3 guda ɗaya tana ɗaukar 1776, a ƙara mata babban jet mataki ɗaya ko biyu, a tabbatar da na'urar auna hayaƙi. Sharaɗinta biyu. Siraran bututun nan da ke kawo zafin salansa ƙarƙashin manifol su zama a buɗe, don in sun toshe da gawayi fetur na kwanciya a bango, mota ta riƙa shaƙewa. Ka taɓa su bayan minti biyar da tashi, su yi zafin da ba za ka iya riƙewa ba. Na biyu dilko, mai rarraba wuta zuwa fulogi. Bosch 009 ba shi da bakiyum, in ka haɗa shi da 34 PICT-3 za ka samu wannan jinkirin da mota ke yi in an taka daga tsaye. Mai bakiyum ɗaya, wanda ake kira 034, shi ne abokinta. Saita shi da fitilar taimin, tiyon bakiyum a cire a toshe, a zagaye 3,500 ya tsaya digiri 28 zuwa 30 kafin fistin ya kai ƙololuwa. In ya wuce 32, kai zai yi zafi, fistin na iya hujewa.

Murfin injin 1966 ba shi da tagogin iska. Fanka mai faɗi da babban inji suna jan iskar da ta fi wadda ramukan ƙarƙashin gilashin baya ke bayarwa, shi ya sa kamfanin ya fara huda murfin daga 1970. Ko ka samo mai huda ka ajiye naka, ko ka sa ƙarafan da ke ɗan ɗaga shi. Kowane kwano na inji ya koma wurinsa, har ƙananan nan da ke maƙale ƙarƙashin silinda, da robar da ke zagaye ɗakin inji, da robobin fulogi, da fika-fikan cikin gidan fanka da tamostat ɗinsu. Fika-fikan ba toshe iska suke ba, su ke karkata ta zuwa kawuna. Rami ɗaya a kwano ya isa fanka ta riƙa jan iskar salansa tana hura wa inji.

Birki kuma kar a bar shi sai an gama. Mastar 1966 layi ɗaya ce, tiyo ɗaya ya fashe ka rasa ƙafa huɗu. Ka sa mai layi biyu, ka canza tiyoyin roba duka, ka sa faifai a gaba. Gabanka mai bol-joyin ne, don haka kayan faifai na motocin da suka biyo baya suna shiga, sai dai su ƙusa huɗu ne, rim ɗinka kuwa biyar mai faɗi, saboda haka ka nemi kit ɗin da aka yi don ƙusa 5 a da'irar milimita 205. Aksil ɗin baya mai lilo ne: in ka shiga kwana da gudu ka saki totur, tayar waje na lanƙwasowa ƙarƙashi, baya ya juyo. Sandar nan mai hana lilo da shokazoba masu kyau su shiga lissafinka tare da injin.

TsohonBakanike

Maganar kafireto ɗaya na karɓa, ga wannan amfani ita ce daidai. Ƙarin da zan yi na ranar tashi ne, don inji da yawa a minti ashirin na farko suke samun ciwon da zai kashe su.

Kawuna a ɗaure su bi da bi, Nm 25 ga sitod na 8. Tafet milimita 0.15 a sanyi, shiga da fita. Jerin wuta 1-4-3-2. Cire fulogi, juya da kik har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da su. Taimin da fetur su zama a shirye yadda zai kama nan take, kuma da ya kama ka kai shi zagaye 2,000 zuwa 2,500 ka riƙe minti ashirin kana ɗan motsa totur. Kar ka bar shi a sulo, don kam da mabiyansa da fantsamar mai suke samun shafawa, a sulo kuwa ba ta isa, ƙusumbin kam ya goge. Ka yi amfani da mai mai sinadarin zinki. Kashe, zubar da man da zafinsa, bari ya huce sarai, sake auna tafet. Maimaita a kilomita 500.

Tiyon fetur na milimita 5.5 ne, na 6 yana zamewa. Kilif a kowane baki, filta a ƙarƙashin tanki ko kusa da giyabos, ba tsakanin famfo da kafireto ba, don nauyinta na girgiza ɗan bututun tagulla da aka matsa cikin kafireto har ya zare, fetur ya zuba kan dilko. Ka ja bututun da filaya ka gani, in ya motsa a gyara shi kafin a tashi. Ka kuma duba robar da ke ramin kwanon gaba inda bututun ƙarfe na fetur ke ratsawa.

Sa gejin zafin kai a ƙarƙashin fulogin silinda ta 3. A tafiya ya zauna ƙasa da digiri 190 na Salsiyas. In ya doshi 200 a tudu, sauka giya uku fanka ta ƙara juyi. In a shimfiɗaɗɗiyar hanya yake kaiwa haka, ka tsaya ka duba fambel, taimin da jet, a wannan jerin.